Na Ɗora Wa Matata Laifi, Ashe Daga Jinina Ne

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne, shekarata hamsin da takwas, 'ya'yana huɗu, mata uku da namiji ɗaya. Bara 'yar farina tana shayar da jaririnta ta ji ƙullutu a mama. Muka ce nono ne ya daskare. Ashe sankara ce, tana da shekara talatin da ɗaya. An cire maman, gashinta ya zube, yanzu ko cokali biyu da ƙyar take haɗiyewa.

Innar maiɗakina ta taɓa yin wannan ciwon, sai dangina suka sa maiɗakina a baki, wai daga gidansu aka kwaso. Ni ma ranar aikin, muna zaune a bencin asibiti, zuciya ta ɗebe ni na ce mata jininsu ne ya cuci yarinyar. Tun ranar take neman gafarar 'yarta, ta rame kamar ita ce majinyaciyar.

Daga baya likita ya ɗibi jinin mu biyu. Ya yi bayani cewa akwai ƙwayar halitta mai gyara ɓarnar da ke faruwa a cikin jiki, ta 'yarmu kuwa tana da naƙasu, kuma gadonta ake yi. Ni kaɗai na je karɓar sakamako. Na maiɗakina lafiya lau. Nawa ne. Sai a lokacin na tuna mahaifiyata ta rasu da kumburin ciki aka ce sammu ne, yayata kuma ta ɓoye ciwon mama har ya kai ta ƙasa. Ban taɓa sanin namiji na iya bayar da wannan abu ba.

Sati uku ke nan takardar na cikin akwatin allurai a shago. Na ce wa maiɗakina ba a fito da shi ba. Kullum na ɗauko maganar sai harshe ya yi nauyi. Da wane ido zan dube ta? Ƙananan kuma, in tsorata su ko in bar su cikin rufin asirin Allah?

Uban Majinyaciya

Malam, Allah ya ba yarinyar lafiya, ya sassauta muku.

Jinin da ka gada ba laifinka ba ne, yadda da an same shi a jikin matarka ba zai zama laifinta ba. Kunyar da kake ji na fahimce ta, kuma uba ba ya son ya jefa tsoro a zuciyar 'ya'yansa. Amma sati ukun nan kai ka zaɓe su. Kana kallon baiwar Allah tana ɗauke da kayan da ba nata ba, alhali abin da zai sauke mata yana hannunka.

Ka ɗauko takardar yau. Ku zauna ku biyu, ka nemi afuwarta kan kalmar da ka faɗa a asibiti da kuma ɓoyon. In ta yi fushi, ka haƙura, tana da hujja. Danginka kuwa, da bakinka za ka gyara maganar a gabansu.

Batun yara shi ne mai gaggawa. Kowannensu, har namijin, yana iya gadonsa, yana iya tsira, raba daidai ne. Wanda ya gada ma ba lallai ciwon ya kama shi ba, sai dai haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Sanin da wuri shi ke sa likita ya riƙa duba su a kai a kai, a kama abu tun yana ƙarami. Ka kai su wurin likitan, su ji da kunnensu, kowa ya yanke wa kansa gwaji. In yayarka ta bar 'ya'ya, su ma a sanar da su. Kai kanka ka tambayi irin binciken da ya kamace ka.

Ba zan ce maka komai zai yi daɗi ba. Wata cikinsu na iya dawowa da sakamakon da zai sa ku kuka. Gara wannan kukan da irin wanda kuke yi yanzu a bakin gadon yayarsu.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya tashi kafaɗunta.