Bututun Inji da Rawanin Surukina

Birchi, Nuwamba 1964

Malam Rabo,

Don Allah ka cece ni, na jawo wa kaina magana. Kada ka buga sunana a jarida, ko da yake duk Birchi mutum ɗaya ke da inji.

Kakar bana yayana, ɗan kasuwa a Dutsin-Ma, ya sayo injin ɓare gyaɗa mai shan fetur ya damƙa mini. Gidanmu ba fili, sai surukina ya ba ni gindin tsamiyar ƙofar gidansa na kafa. Aikin ba wuya. Ka buɗe famfon mai, ka rufe cok, wato ɗan ƙarfen da ke rage masa iska don ya kama da sanyin safiya, ka fizgi igiya. In ya kama ka buɗe cok, ka ɗaga totur a hankali. Ka zuba gyaɗa ta mazurari, ƙwaya ta faɗo ta rariya, fanka kuma ta hura ɓawo ta bututu. Bututun nan yana da mariƙi, duk inda ka murɗa shi can zai yi aman ɓawon, sai ka soke ƙusa ta riƙe shi.

Matsalata Baba ne, surukin nawa. Tun da ya taɓa shiga jirgin ƙasa sau ɗaya ya ɗauki kansa bakanike. Inji na tsaka da aiki sai ya taso daga buzunsa ya rufe cok, wai iska na shiga masa ciki, kada ya yi mura. Inji ya yi tari, ya turnuƙe mu da baƙin hayaƙi, ya mutu, fulogi ya jiƙe sharkaf. Ni kuwa ko ido ba na haɗawa da shi, balle in ce ya bari. Sai in durƙusa in kwance fulogi ina gogewa, shi kuwa yana gaya wa matan da suka kawo gyaɗa wai hannuna ne ba kyau. Wata rana har sau huɗu!

To ran Laraba shaiɗan ya zuga ni. Baba ya fito da sabon rawani zai tafi taron suna a Wurma, ya biyo ya rufe cok, ya koma buzunsa. Na gyara, na tayar, na zare ƙusa, na kau da kai kamar mai jin kunya, na murɗa bututu, na ɗaga totur har ƙarshe. Malam, wallahi sai da ɓawo ya binne shi har gemu. Mata suka ɗau salati, wasu na cusa bakin zane a baki. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi har cikin raina.

Yanzu Baba ya ce injin yana da aljanu, bututu ya juya da kansa, in ɗauke shi daga ƙofar gidansa kafin Juma'a. Mata sun fara tsoron kawo gyaɗa. Maiɗakina kuwa ta tsinci ƙusar a aljihuna ranar wanki, ta kuma san bututu ba ya motsi sai an zare ta. Ta ce ko in faɗa ko ta faɗa. In na yi shiru, inji ya tashi da sunan mai aljanu, yayana ya karɓe abinsa, in koma ba sana'a. In na faɗa, ta ina zan fara?

Ni ne,
Mai Inji

*

Mai Inji,

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, sannan na yi istigfari. Kai ma ka yi. Gaskiya an ƙure ka, kowa aka kashe wa inji sau huɗu a yini ransa zai ɓaci. Amma dattijon da ya ba ka 'ya ya ƙara maka da inuwa, ba a saka masa da ɓawo. Kuma ka fake da kunya ka yi rashin kunya, wannan ya fi ɓawon muni. Aljanu ma a bar su su huta, ba su suka zare ƙusa ba.

Ka faɗi gaskiya kafin Juma'a, kada ka bar baiwar Allah nan tsaye tsakanin mijinta da ubanta. Amma ba kai tsaye za ka tunkare shi ba. Nemi abokin wasansa ya shige gaba, ka bi baya da goro da wankakken rawani, ka durƙusa. Zai yi faɗa, ka shanye. Abokin wasan ne kuma zai iya gaya masa cikin raha cewa inji ba ya mura.

Sannan ka lura, ba cok ne damuwar Baba ba. So yake mutane su ga da shi ake yi a ƙofar gidansa. To roƙe shi ya zama mai kula da bututu, ƙusar ta zauna a aljihunsa. Yana can riƙe da mariƙi, cok ɗinka ya huta.

Shawara ta ƙarshe: ranar da ya kama aiki ka sa tsohuwar riga. In bututu ya juyo kanka, ka tsaya cak, kada ka goce, rabonka ne.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa wa kakar bana albarka.

Malam Rabo