Fom ɗin Asibitin Baba

Litinin, 3 ga Maris
An ba Baba fom na aikin idon da za a yi masa. Ina zaune a gabansa ya miƙa wa Auta. Shekara goma sha ɗaya nake cike masa takardu, yau don ƙanwata ta dawo daga jami'a na zama kujera. Na dai ajiye kofi da ƙarfi.

Talata, 4 ga Maris
Maimakon ta cike, sai lacca. Wai "fom" kalmar Turanci ce, su ma daga Latin suka samo ta, asalinta siffa, ko abin da ake zuba abu a ciki ya fito da kama ɗaya. Baba da ya ƙare ƙuruciyarsa a buga bulo ya yi dariya har da tari. "Ashe mu ake zubawa mu fito bulo!" Yau sau uku ya maimaita wa baƙi, kowane karo da "in ji Auta".
Ni ban taɓa tambayar inda kalmar ta fito ba. Na dai san inda ake kai ta, taga ta biyu, kafin ƙarfe goma. Kishi nake ji. Na rubuta, tunda ba mai gani.

Laraba, 5 ga Maris
Na gan ta tana cikewa kai tsaye da biro shuɗi. Ni sai na yi kwafi, na gwada da fensir, sannan baƙin biro da manyan baƙaƙe. Na buɗe baki, na rufe.

Alhamis, 6 ga Maris
Asibiti sun dawo da fom ɗin. Shuɗi, ga gogewa wuri biyu. An ɗaga aikin Baba sati guda.
Na ji daɗi kamar minti biyar, sai na ga Baba yana laluben bango yana neman ƙofar bayi.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ta shigo ɗakina da sabon fom da tsohon, idonta ja. "Yaya, ki cike, ni na ɓata." Na karɓa ina shan ƙamshi. Ina kwafa har na iso layin wanda za a kira in wani abu ya faru. Sunana ne a tsohon, da lambata, da rubutunta mai kwanciya.
Na ce Baba ne ya sa ki? Ta ce ko tambayarsa ba ta yi ba. "Wa kuma zan sa? Ke kika san magungunansa."
Na ce biro ya ƙare, na fita tsakar gida na daɗe.

Litinin, 10 ga Maris
An karɓa. Ita ta ƙarasa cikewa, ina tsaye a kanta. Baƙaƙenta sun ɗan karkace, amma ba laifi. A layi na tambaye ta, Latin ɗin nan su waye, don dai lokaci ya wuce.
Fensirina yana jakarta. Aro ne.