Jerin da Ya Ƙi Karɓar Farin Dutse

Laraba, bayan isha'i, Birnin Kudu

Tun la'asar na dawo daga Gwaram, amma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. Yau na nuna wa ƙungiyar manoma manhajar rabon irin shinkafa da na rubuta musu da Java, wani yaren kwamfuta. Komai na tafiya daidai, sai shugabansu Alhaji Sule ya ce, "Malama Hadiza, sa mana mazaɓar Farin Dutse, jiya suka shigo ƙungiya."

Na rubuta sunan, na danna, manhajar ta tsaya cak. Na sake, haka dai. Wani dattijo da ya zo daga can a kan keke ya miƙe ya ce, "Wato injin ma bai san da mu ba?" Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Laifina ne. Da List.of, wani umarnin yin jeri a Java, na haɗa jerin mazaɓun, don gajere ne kuma ya yi min kyau a ido. Na manta jerinsa a kulle yake, ba ƙari ba ragi. Ko ɗan'uwansa Arrays.asList da bai fisshe ni ba, musanya suna kawai yake bari. Da ma cikin new ArrayList mai karɓar ƙari na zuba su!

Gyaran bai kai minti biyu ba. Na yi ta gwadawa, jerin yana karɓa. Abin da ke cina, dattijon ya tafi ko sunansa ban tambaya ba. Gobe da sassafe zan ɗauki kwamfutar in je in neme shi, ya danna da hannunsa.