Damin da Na Mayar Gidanku

Zuwa ga aminina Sale, a bakin Tafkin Cadi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan kamun kifinka. Mu nan ruwa ya ja baya a fadamar Auyo, an shiga yankan shinkafa.

Sale, shekaranjiya mahaifinka Baba Iro ya sake kawo damin farko gidanmu, yadda ya saba kowace kaka. A ka ya ɗauko shi, da ƙafar nan tasa mai ciwo. Kawuna Hamza yana kan tabarma, ko gyara zama bai yi ba. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Tun ina yaro nake cin tuwon damin nan, ina zaton zumunci ne. Sai ranar rabon fadama, da Kawu ya ce maka a gaban jama'a, "Mu fa muka 'yanta kakanku." Washegari ka hau mota, ko sallama babu.

Tun ranar nake bin kalmar nan da kunne. A goman ƙarshe na azumi liman yana roƙon Allah ya 'yanta wuyayenmu daga wuta. A rediyo kuma a ce an 'yanta ƙasa daga hannun Turawa. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce wanda aka 'yanta ya zama ɗa, ba mai sauran iko a kansa. To, damin nan na mene ne?

Ka tuna ɗan tsuntsun nan jan-baki da muke kamawa in muna gadin shinkafa? Ni sai in ɗaura masa zare a ƙafa, ya tashi in fizgo shi. Kai kuwa da haƙori kake tsinke zaren, ka ce wannan ba saki ba ne, wasa ne. Ashe gidanmu zare muke riƙe da shi tun kaka da kakanni.

Jiya da hantsi na ɗora damin a kaina, na ratsa ta bakin kasuwa har zaurenku. Kawu ya ce na zubar masa da mutunci, har yanzu ba ya amsa gaisuwata. Baba Iro ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna mini rumbu da sandarsa.

Ban sani ba ko wannan ya isa, ɗan'uwana. Kwalekwalenka dai yana nan, na toshe inda yake yoyo.

Allah ya tsare ka a kan ruwa, ya 'yanta mu daga abin da muka gada, ya sa damin baɗi mu ci shi a akushi ɗaya, a zaurenku.

Naka har kullum,
Habu