Ni da Ɗana a Kwaleji Ɗaya

Kawu, don Allah ka agaza min da shawara, zama ya gagare ni. Tun ina saurayi nake kan injin sassaƙar ƙarfe a wata masana'anta, ina fitar da kayan inji daidai awo. Yanzu hannuna na dama ya fara rawa. Ba ta da yawa, amma a aikinmu ko kaurin gashi ka kauce, ka ɓata ƙarfen mutane. In maigida ya doso, sai in cusa hannun a aljihu. Ga shi ya kawo sabon inji wanda a kwamfuta ake zana masa abu, shi kuma ya yanka. Wannan ba ruwansa da rawar hannu, sai dai ban iya zanen ba.

Na je kwalejin fasaha, suka ce za su ɗauke ni. To, ɗana na fari a can yake, fannin nan yake karantawa, ni ne ma na tura shi. Da na faɗa masa, sai daga baya ya turo uwarsa ta roƙe ni in haƙura, wai abokansa za su mai da shi abin dariya. Ita kuma har da tsokana, wai ko ta sayo min jakar makaranta. Babu wanda ya san zancen hannun nan, har ita. In shiga, na kunyata yaro. In fasa, sallama daga aiki na tafe. Kullum ina kai-komo a tsakar gida kamar wanda matarsa ke naƙuda.

Baban Ɗalibi

Baban Ɗalibi, samu wuri ka zauna tukuna, tsakar gidan ba ta yi maka laifi ba.

Yaron nan ba rashin kunya ya yi maka ba. Sa kanka a shekarunsa: malami ya tsare ka da tambaya, ga tsohonka a kujerar baya yana gyaran murya. Ni ma da ni ne, da na turo uwata. Sai dai rabin magana ka ba su. Shi a ganinsa sha'awar boko ce ta taso wa Baba da furfura, bai san abincin gidan ne ke lilo ba.

Fara da asibiti, don rawar hannu iri-iri ce, wata tana jin magani. Inji mai juyawa kuma ba ya tausayin yatsu, ka daina wasa da wannan. Daga nan ka faɗa wa mai ɗakinka gaskiya. Sannan ka kira yaron ku biyu kawai, ka miƙa hannun a gabansa ya gani da idonsa. Ka tambayi kwalejin ko suna da ajin yamma, ka bar masa safiyarsa da abokansa.

In ya gani, kuma ya tsaya a kan a'a, ka yi rajistarka ba tare da fushi ba. Dariyar samari ba ta wuce 'yan makonni, amma uba a zaune ba aiki, shi yaron ne zai fara ɗaukar nauyinsa kafin ya gama karatu.

Allah ya ba hannun lafiya, ya buɗa maka karatun.