Kalmar da Dattijon Gana Ya Faɗa a Tasha

Dapaong, ranar Laraba

Zuwa ga Maman Nabila,

Ki yi haƙuri da damunki da wasiƙa alhali ba ki nema ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Nabila da yayanki Salifu da duk mutanen Zango.

Kin san ɗan littafin nan da nake koyon Ingilishi da shi saboda fasinjojin Gana. A shafi na tara akwai kalmar "sorry". Littafin ya ce ana faɗinta ga wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ka taka a cikin mota, da wanda ba ka ji maganarsa ba, da kuma wanda ka zalunta. Ukun farko na daɗe ina amfani da su a tagar tikiti. Ta huɗun na ɗauka ta yara ce da 'yan aiki.

Shekaranjiya wani dattijo mutumin Gana, gemunsa fari fat, ya daka wa matarsa tsawa wai ta ɓatar da wata jaka. Can sai aka ga jakar a ƙarƙashin kujerarsa. A tsakiyar tasha, gaban direbobi da masu talla, ya dafa ƙirji ya faɗa mata kalmar nan. Na jira a yi dariya, ba wanda ya yi. Wallahi sai na ga ya ƙara girma a idona. Har yanzu abin yana ba ni mamaki.

Takardar haihuwar Nabila, wadda na ce kin ɓatar, na kira ki marar hankali a gaban maƙwabta har kika tafi wurin yayanki a Sokodé, tana cikin aljihun babbar rigata. Ni na sa ta. Mako uku ke nan da na gan ta, na yi shiru. Ban taɓa ganin mahaifina ya ba mace haƙuri ba, kuma ban san yadda ake yi ba. Na zalunce ki. Ki yafe mini.

Ina roƙon amsa a rubuce:

1. Ko in aiko takardar a mota, ko in kawo da kaina?
2. Idan kin yarda ki dawo, maƙwabta nawa kike so in tara, in maimaita wannan magana a gabansu?

Ki gaida Salifu.

Mijinki,
Alassani