Mijina da aka yi wa sadakar arba'in na gani a bakin teku

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup. Admin don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, a saka saƙon yadda na rubuto shi. Shawara nake roƙo a wurinku, wanda kuma zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ƙafarsa na fara gani kafin fuskarsa. Yana zaune a ƙasa a bakin tashar jiragen masunta, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya maƙale bakin igiya a babban yatsa, yana murza ta a kan ƙwauri yana ɗan tofa yawu a tafin hannu, daidai yadda mazan garinmu suke tufkar igiyar kaba a inuwa in rani ya yi. Larabawan da ke gefensa kowa na ɗinkin raga a kan kujera, shi kaɗai ne a ƙasa. Sai na ce a raina wannan ko ba a faɗa ba ɗan gida ne, bari in je in gaishe shi. Da na san abin da gaisuwar za ta jawo mini, ban sani ba ko da zan je.

Bari in koma baya don ku gane. Ni 'yar Badaguishiri ce, yanzu ina aure a Konni. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, ni mai karatun littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake shigo da su daga ƙetaren iyaka, ina ɓoye su a ƙarƙashin tabarma, har Innata ta taɓa jefa mini guda biyu a murhu. Auren fari na soyayya na yi, da wani yaro mai lambun albasa, zan kira shi Isuhu duk da ba sunansa ba ne. Bai iya karatun boko ba, ni nake karanta masa a bakin rijiyar lambu yana ban ruwa yana dariya, yana cewa mutanen littafi ba su da aiki sai kuka. Ba mu rufa shekara ba albasa ta faɗi, ya bi samarin gari ci-rani zuwa Libiya, ya bar ni da ciki. Da fari yana kira, daga baya ya ce zai gwada ƙetare ruwa, sai shiru. Can wani abokin tafiyarsa ɗan Tajaye ya dawo da jakarsa, ya zauna gaban dattawa ya rantse cewa jirgin da Isuhu ya biya wa kuɗi ya nutse, ba wanda ya fita. Liman ya yi masa salla ba gawa, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, na yi takaba a ɗakin mahaifiyarsa da ɗiyata Nana a goye. Ba wanda ya kai magana gaban alƙali, a wurinmu in namiji ya rantse gaban liman magana ta ƙare.

Bayan shekaru na auri maigidana na yanzu, likitan dabbobi ne, mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga mini murya a gaban mutane ba. Ya riƙe Nana kamar shi ya haife ta, muka samu maza biyu. Mahaifiyar Isuhu, wadda har yau nake ce mata Inna, ita da kanta ta ce in yi aure, ita ta shafa mini lalle. Ba ta da wani ɗa namiji sai shi.

To sai aka tura maigidana wani ɗan horo a Tunusiya, ya ce tunda kullum ina damunsa da zancen teku da nake karantawa, in shirya mu tafi tare in gani da idona. Da ya gama horon muka shiga jirgin ƙasa zuwa wani tsohon birni mai suna Susa, yawon buɗe ido kawai. 'Yan uwa ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Ganuwa ta dutse ta zagaye tsohon garin, lunguna siririya kamar hanyar tururuwa, ƙofofi shuɗɗa, ƙamshin turare da gasasshen kifi ko'ina. Muka hau wata tsohuwar hasumiya, matakalarta na juyawa har jiri ya kama ni, da muka kai sama na ga ruwa ba iyaka, na tsaya ina kuka, maigidana ya ɗauka murna ce, ni kuwa Isuhu na tuna, na ce a cikin wannan ruwan yake kwance, na yi masa Fatiha a zuci. Da muka sauko ya saya mini wani ɗan ƙullin fararen furanni da mazan garin ke maƙalawa a kunne, ya ce yau dai na zama ta cikin littafi.

Da hantsi muka gangara tashar masunta. Maigidana ya tafi neman inda ake yankar tikitin jirgin da ke zagayawa da baƙi a kan ruwa, ya ce in jira shi a inuwa. A nan na ga mai igiyar. Na matsa na ce, "Sannu da aiki ɗan gida, daga wane gari?"

Ya ɗago kai. Gemunsa ya yi furfura, ya rame, haƙorinsa ɗaya na gaba babu, amma idon nan ko a cikin dubu zan gane shi. Igiyar ta warware a ƙafarsa. Ya ce, "Amarya?" Haka yake kirana tun ranar da aka kai ni ɗakinsa. Sai ya dubi lallen hannuna da mayafina, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, mi ya kawo ki nan?"

A littafi a irin wannan wurin mace suma take yi. Ni ban suma ba, durƙusawa na yi kamar mai tayin kifi. Na ce masa mun yi maka salla, na yi maka takaba, Inna ta kusa zaucewa. Ya ce ya sani. Ya ba ni labari a gurguje yana waige-waige. Ranar da za su shiga jirgin aka kama shi a hanya, aka rufe shi shekaru ba waya ba kowa, abokinsa bai yi ƙarya da gangan ba, ya ɗauka yana ciki. Da ya fito ya haɗu da 'yan yankinmu, suka ce masa an raba gadonsa, matarsa ta yi aure har ta haihu. Ya ce ya zauna ya yi tunani, ya ga in ya koma hannu wofi ba abin da zai kai gida sai rushe gidan wani da kunyata ni, sai ya roƙe su su bar shi a mace. Kuma kun san 'yan ci-ranin wajenmu, duk abin da suka gani a waje, ko wane ya yi bara ne ko an ɗaure wane, ba sa kawo shi gida, don kowa yana da nasa da ake rufa masa. Maza nawa suka dawo garinmu suka durƙusa suka gaida Inna, sun san ɗanta na numfashi, ba wanda ya buɗe baki.

Ya tambaye ni Nana da wa take kama, na ce da kai, har taurin kan. Ya yi dariya hawaye na zuba. Ya tambayi Inna. Sannan ya ce in rantse da Allah ba zan faɗa ba, ina cikin ruɗu na rantse. Ga abin da ya fi ci mini rai, na san a lokacin ya kamata in ce masa ya furta saki, ko don in fita daga shakka. Maganar ta zo har bakina na haɗiye ta. Ba mantuwa ba ce, ba zan yi muku ƙarya ba, ba na son in ji kalmar daga bakinsa ne.

Muna haka maigidana ya dawo da tikiti a hannu. Bai san fuskar Isuhu ba, shi baƙo ne a yankinmu aiki ya kawo shi. Ya yi murna ya ce, "A'a, madam har kin samo dangi? Malam ɗan wane gari?" Isuhu ya ambaci wani gari can daban. Suka yi musabaha, suka yi hirar damina da tsadar hatsi, sannan maigidana ya miƙa masa waya ya ce ya taimaka ya ɗauke mu hoto da jirage a bayanmu. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yi murmushi mana, ke da kika ce teku kike so." Isuhu ya goge hannu a riga ya karɓi wayar, ya ce, "Alhaji matsa kusa da ita kaɗan." Ya ɗauka, ya mayar, ya koma ya zauna kan igiyarsa. Da jirginmu ya tashi ina hangensa har ya zama ɗigo. Washegari na ce kaina ke ciwo ba zan fita otel ba, haka na ƙarasa kwanakin a kwance ina kallon bango.

Shekara uku ke nan da dawowarmu kuma ban sake zama daidai ba. Maigidana ya wanke hoton ya rataye a falo, na sauke, ya mayar, muka yi ta samun saɓani a kai har ya ce in gaya masa abin da ya yi mini a tafiyar. Da ya ga ina ramewa ina gudun shimfiɗarsa, 'yan uwansa suka ce iskokin ruwa ne suka shafe ni, aka yi ta kawo mini rubutu da hayaƙi, ina sha ina jin kunyar Allah. Bawan Allahn nan har haƙuri ya ba ni wai shi ya kai ni bakin teku.

Wata rana bayan karatu a Islamiyyar mata na tsaya na ce, Malam a wani littafi na karanta an ce wa mace mijinta ya rasu ta yi aure, sai ga shi da rai. Ya yi dariya ya ce ku da littattafanku. Sannan ya ce in alƙali ne ya yanke hukunci bayan jira, maganar daban ce, amma in labari kawai aka kawo aka yi aiki da shi, malamai da yawa suna cewa ta koma ga na fari, 'ya'yan na biyu kuwa halattattu ne na ubansu. Ya ce amma irin wannan sai an zauna an ji kowane ɓangare. Na fito ban san yadda na kai gida ba. Tun ranar kullum in na kai goshina ƙasa sai in tambayi kaina matar wa ke wannan sujada.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne, ranar kasuwar Badaguishiri da ta wuce na je duba Inna, sai ɗan Tajayen nan da ya kawo jaka ya tare ni a wajen masu tumatir. Ya tsufa shi ma. Ya ce in yafe masa, ya daɗe da sanin gaskiya. Ya ce an kwaso su Isuhu an maido su ƙasarmu, yanzu yana Agadas inda suka haɗu, yana dako a tasha da wani suna, tari ya kama shi. Isuhu ya ji Inna ba lafiya. Saƙonsa gare ni shi ne ya warware mini rantsuwar da ya sa ni, amma shi ba zai taka garin ba sai in ni na ce ya zo, in na ce kada ya zo ba zai ƙara aiko kowa ba. Wato ya ɗauki kayan duka ya aza mini a ka.

In na ce ya zo, a yini ɗaya labari zai kai Konni. Maigidana zai gane wanda ya ɗauke mu hoton nan, zai gane shekara uku ina kwana a gidansa da wannan a cikina. Yarana maza za a riƙa nuna su a hanyar lakwal. Aurena ban san ko zai tsaya ba, kuma abin da ya fi ba ni tsoro, ban san ko ina so ya tsaya ba, wani lokaci ina so har cikin raina, wani lokaci sai in ji ni a bakin rijiyar lambu. In na ce kada ya zo, na raba uwa da ɗanta da bakina, na bar Nana tana yi wa uba mai rai addu'ar matattu.

Inna kuwa idanunta sun rufe tun bara, yanzu ko zama ba ta yi sai an tallafe ta. Duk Juma'a sai ta sa an dama fura an raba wa yara sadaka da sunansa, ko da ita ba ta ci ba. Ranar da na je ta laluba fuskata ta ce, "Ɗiyata kin rame, mijin naki ba ya ba ki abinci ne? Ki gaya mini in aika a ja masa kunne." Na yi dariyar dole. Sai ta riƙe hannuna ta ce kada in yi kuka in an aiko mini, ita ba ta tsoron tafiya, ɗoki ma take yi, tunda ɗanta ya riga ta can ya daɗe yana jiranta. Mai jinyarta ta ce mini a waje ta fara ƙin shan magani.

Ɗan Tajayen zai koma Agadas bayan kasuwa mai zuwa, ya ce in ba shi amsa kafin nan. Don Allah iyaye da yayye, malamai da ke cikin gidan nan, ku ba ni shawara. In fara gaya wa maigidana ne, ko in je wurin alƙali ni kaɗai, ko in ce ya zo a ɓoye ya ga uwarsa ya koma, alhali na san a garinmu ba abin da ke ɓoyuwa? Ko in yi shiru in bar tsohuwar nan ta tafi neman ɗanta inda ba ya nan? Me zan ce wa mutumin nan ranar kasuwa?